Yadda Ake Ɗora wa Mai Fasa Dutse Bene a Kan Inshorarsa

A shekarun da na yi ina aiki a ofishin wani dillalin inshora a Kaduna, babu waɗanda suka ba ni wahala kamar masu fasa dutse, kuma babu aikin da na fi so kamar nasu. Ɗan kasuwa in ya shigo, gobara yake gudu, kayansa yake so a tsare masa. Mai fasa dutse kuwa, abin da zai durƙusar da shi yawanci ba nasa ba ne. Gidan wani ne, ko motar wani, ko ɗan wani. A tayar da nakiya, guntun dutse ya yi sama ya sauko ya huda kwanon wani a ƙauyen da ke gefe. Ko birki ya ƙwace wa tifa cike da tsakuwa a gangare, ranar da kasuwa ke ci. Haka masu tankar mai suke, haka masu injin yankan katako da masu feshi a manyan gonaki. Sana'ar tana daji, amma dajin akwai mutane a cikinsa.

Duk mai lura a cikinsu yana da inshorar farko, wadda ke biyan diyya idan aikinsa ya cutar da wani. Sai dai kowace takardar inshora tana da inda ta tsaya. In an rubuta naira miliyan 20, kotu kuma ta yanke miliyan 70, ragowar 50 ɗin daga aljihunsa za ta fito, ko a sa katafila a kasuwa. Saboda wannan ragowar ake sayen inshorar ƙari, wadda ba ta motsawa sai ta farkon ta ƙare ƙaf. Maigidana a ofishin bene yake ce mata, mu ma muka ɗauka. Ta farko ce hawan ƙasa, ta biyu a kanta take zaune. A Amurka, inda abin ya zama ruwan dare, akwai wata 'yar'uwarta da suke kira laima, kuma a can hawan ƙasa yakan tsaya a dala miliyan 1 kan kowane haɗari. Mu nan har yau sai ka sha surutu kafin mutum ya yarda ana sayar da irinta.

Da jaka ake farawa. Ka ce wa Alhaji mai wurin ya kwaso duk wata takardar inshora da yake da ita, har wadda ya manta a aljihun mota. Ta motoci gefe guda, ta wurin aiki gefe guda. Ma'aikata nasu daban ne, tun dokar 2010 asusun NSITF ke karɓar kashi 1 cikin 100 na albashi dominsu. Lambobin motocin kuma ka bi su ɗaya bayan ɗaya a rumbun bayanai na NIID, don takardar bogi ta yi yawa, kuma bene ba ya zama a kan bogi. Tun Janairun 2023 da hukumar inshora ta NAICOM ta sauya farashin inshorar motoci, babbar motar dakon kaya naira 100,000 take biya a shekara, kuma iyakar abin da za a biya in ta lalata dukiyar wani naira miliyan 5 ne. Nakan tambayi Alhaji, "Ranka ya daɗe, Hilux ɗin nan da ka zo da ita nawa ka saye ta?" Ya faɗa. In ce, "To in tifarka ta murƙushe irinta fa?" Daga nan wa'azi ya ƙare.

Sai zuwa wurin, kuma da ƙafarka. Ka zaɓi ranar da za a fasa dutse. Taswirar da ke fayil ɗin kamfani ta shekara goma baya ce, lokacin da babu kowa sai kuka da burtali. Duk wanda ya san Mpape a Abuja ya san yadda gidaje ke rarrafowa har gindin dutsen da ake fasawa, kuma haka abin yake ko'ina: inda aka buɗe aiki, mai shayi zai zo, mai abinci ta biyo shi, kafin ka ankara an yi masallaci da islamiyya. Ka taka ka ƙirga rufi nawa ne ke kusa. Ka ga ta ina yara ke bi zuwa makaranta, ta ina shanu ke sauka shan ruwa. Ka leƙa ma'ajiyar nakiya ka nemi lasisinta, ka ga ko ana busa jiniya kafin a tayar, ko kuwa wani yaro ne kawai ke ɗaga jan ƙyalle. Ni nakan ɗauki hoton duk katangar da ta riga ta tsage a ƙauyen, don ranar rigima kowace tsaga nakiya ce ta yi ta.

Kafin ka bar wurin ka zauna da mai unguwa. Shi zai gaya maka abin da Alhaji ya manta: akuyar da dutse ya kashe bara, bandir ɗin kwanon da aka saya wa wata tsohuwa aka kashe maganar. Duk ka rubuta a takardar nema. Alhaji zai ce ai an wuce wurin, me ya sa za a tono. Dalili shi ne in kamfani ya gano daga baya an ɓoye masa, yana da hurumin ya ce babu yarjejeniya tun asali.

Tsawon benen fa? Ba a auna shi da ranar da aka saba gani, da mafi munin rana ake aunawa. A nan Arewa ina da ma'aunin da babu mai musu da shi. Diyyar rai ɗaya a lissafin malamai dinari 1,000 ne na zinariya, wato kilo huɗu da kwata, kuma da farashin zinariya na yanzu ta daɗe da haura naira miliyan 100. Ba lallai kotu ta yanke haka ba, iyalai da yawa ma yafewa suke yi, amma wannan adadin ne ke zuciyar mutane in an zauna sulhu. Mai tanka kuwa sunan gari ɗaya kawai za ka ambata masa, Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, inda tankar mai ta kama da wuta a Oktoban 2024 mutum fiye da 150 suka rasu. Babu benen da zai kai tsawon wannan, amma yana sa mutum ya daina cewa miliyan 10 ta ishe shi.

Cinikin kansa ba shi da wani sirri. Ka rubuta taƙaitaccen bayani, ka zaga kamfanoni. Sau da yawa ɗaya ba ya ɗauka shi kaɗai, sai wani ya ja gaba ya ɗauki kaso mafi tsoka, sauran su raba, su ma kuma su je su jingina da masu yi wa kamfanonin inshora inshora, irin su Africa Re da ke Legas. Ba a fita da cinikin ƙasar waje sai an ƙure kasuwar gida kuma NAICOM ta ba da izini. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne hawan sama ya fi na ƙasa araha in ka auna naira da naira, saboda ba kasafai ruwa ke kaiwa can ba. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai takaful, wato inshorar Musulunci, tun 2013 hukumar ta fitar da ƙa'idojinta, sai a fara tambayar kamfanoninta ko za su iya ɗaukar nauyi irin wannan.

Inda ake gane dillali shi ne ɗinki, wato haɗa takardar ƙasa da ta sama har ba a bar kafar da allura za ta shiga ba. Maigidana yakan share tebur, ya shimfiɗa su gefe da gefe, ya sa rula a ƙarƙashin layi, jan biro a kunne. Ba ya amsa waya. In ka shigo da shayi ma sai dai ka ajiye ka fita.

Abu na farko da idonsa ke nema shi ne adadi. In ta sama ta ce za ta fara daga miliyan 50, dole ta ƙasa ta kai miliyan 50 cif. Wannan kowa na iya gani. Wanda ba kowa ke gani ba shi ne ko miliyan 50 ɗin na kowane haɗari ne, ko kuwa na shekara ne gaba ɗaya. A ce na shekara ne. A watan Afrilu an biya miliyan 15 kan wani gida, a Yuli an biya 20 kan wata mota. Hawan ƙasa ya zaizaye, saura 15. Sai babban abu ya faru a Nuwamba. Shin benen zai sauko ya tarar da shi a 15, ko zai tsaya a 50 yana kallo? Amsar tana cikin jimla ɗaya, wani lokaci a shafi na goma sha wani abu, kuma in babu ita dole ka sa a rubuta. Haka kuɗin lauyoyi: a wata takardar daga cikin adadin ake cire su, a wata kuma a kansa ake ɗorawa. In biyun suka saɓa, rigima ce tsakanin kamfani da kamfani, Alhaji kuma yana tsakiya kamar tsakuwa a bakin injin.

Daga nan sai abubuwan da aka toge. Yawancin takardun sama suna cewa sun bi sharuɗɗan ta ƙasa sau da ƙafa. Da daɗin ji, amma ma'anarsa duk ramin da ke ƙasa ya hau sama. Na sha ganin takardar mai fasa dutse da aka kwafo daga ta mai otal, a cikinta an toge ɓarnar nakiya da girgizar ƙasa. Mutum sana'arsa ke nan, an cire ta, ya biya kuɗi ya ajiye a durowa. Wani lokaci kuma akasin haka ne: ta ƙasa an yi mata ƙari ta ɗauki nakiya, ta sama kuwa ta zo da nata togen. Ƙura da gurɓatar ruwa da ke taruwa a hankali kusan kullum a waje suke, gara ka faɗa wa Alhaji gaskiya tun yanzu. Ka duba suna kuma. Kamfanin da ke kan lasisi daban, wanda ke kan tifofi daban, biyu daga cikin tifofin ma da sunan babban ɗan Alhaji aka yi musu rajista, mai tayar da nakiyar kuma ɗan kwangila ne. Duk sunan da bai shiga takardun biyu ba, ranar biya baƙo ne.

Kwanan wata shi ya taɓa kayar da ni, shi ya sa nake nanata shi. Wani mai fasa dutse da muke yi wa aiki, tasa ta ƙasa a Maris take ƙarewa, ta sama a Yuli. Na ga saɓanin, na ce ba komai, za mu daidaita a sabuntawa. Da Maris ya zo, akawunsa ya samu wani kamfani mai rahusa ya koma can, aka rage adadin daga miliyan 50 zuwa 20, babu wanda ya gaya mana, ni kuma ban kira na tambaya ba. A cikin damina tifa ta zame ta shiga shaguna a bakin hanya. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma da aka tattara ɓarna da jinya sai da ta kai wajen miliyan 60. Na ƙasa ya biya 20. Na sama ya ce shi daga 50 ya yi alkawari, ya biya 10, kuma gaskiyarsa. Talatin ɗin tsakiya tifa biyu Alhaji ya sayar. Maigidana bai yi mini faɗa ba. Rular kawai ya miƙo mini ya ce, "Malam, daga yau kai za ka riƙa karantawa, ni in saurara." Tun daga ranar ban ƙara barin takardu biyu su ƙare a rana daban-daban ba. Wannan darasin ya shafi zaɓen kamfanin hawan ƙasa ma, don in ya karye ya kasa biya, yawanci na sama ba ya saukowa ya cike gurbinsa.

Matasan dillalan yanzu ta WhatsApp ake turo musu takarda shafi arba'in, su duba adadi da sa hannu su tura wa mai ita. Ban ce duka ba, amma na ga da yawa.

In ɗinki ya kammala sai biya, kuma a biya kafin ranar farawa. Tun 2013 ake tsaurara dokar nan ta in babu kuɗi babu inshora, saboda haka "zan turo ran Juma'a" ba ta tsare kowa ran Alhamis.

Saura abu ɗaya da nake zaunar da Alhaji da manajansa in karanta musu da Hausa. Ranar da abu ya faru, al'adarmu ita ce a tashi da mai unguwa a je a ba da haƙuri, a ce duk abin da ya lalace mun ɗauka. Zuwa jaje wajibi ne, kai mara lafiya asibiti ma haka, babu kamfanin kirki da zai hana. Amma kada a yanka adadi, kada a sa hannu a takardar sulhu a zauren dagaci kafin kamfani ya sani, domin takardun biyu duk sun hana ɗaukar laifi ba da yawunsu ba. Kuma a sanar da na sama tun da wuri, ko da ana ganin abin ba zai kai gare shi ba. Wasu takardun ma sun ce da zarar ana zaton diyya za ta kai rabin hawan ƙasa, a rubuto musu.

In kana da wurin fasa dutse, ko tanka, ko injin katako, ɗauko takardunka yau ka shimfiɗa su a tabarma. Ka duba inda ta ƙasa ta tsaya da inda ta sama ta fara, ka duba ranar ƙarewar kowacce, ka nemi kalmar nakiya ko mai a cikin abubuwan da aka toge. In ka ga saɓani, kira dillalinka gobe da safe kafin motar farko ta fita.