Igiyar Kyamara da Wuraren da Take Cin Amanar Mai Hoto

Igiyar kyamara, wadda wasu ke kira maratayi ko bel, ita ce mafi araha a cikin jakar mai hoto, amma ita ke ɗauke da mafi tsadar kayan aikinsa. Aikinta ɗaya ne: ta riƙe kyamara a jikin mai ita a duk lokacin da hannu ya saki. Abin da aikin bukukuwa da taruka tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma ya nuna shi ne, da wuya igiya ta tsinke a tsakiya, inda take da faɗi da kauri. Kusan kullum ɓarnar a mahaɗa take aukuwa: a kunnen kyamara, a zoben da ke jikin kunnen, a ɗan makullin roba da bakin igiya ke bi ta cikinsa, ko a notin da ake ɗaurawa a gindin kyamara. Abin da ya rage kuma daga mai hoton yake, a lokacin da kyamara ke barin wuyansa zuwa wani wuri.

Sanin nauyin da igiyar ke ɗauka yana taimakawa. Ƙaramar kyamara irin Canon 600D da ɗan lens ɗinta na 18-55 ba su cika kilo ɗaya ba. Amma Canon 5D Mark III ita kaɗai, da batirinta, tana da giram 950, kuma dogon lens na 70-200 mai f/2.8 yana kusan kilo ɗaya da rabi. In an ɗora filasha a sama, abin da ke rataye a wuya yana dosar kilo uku, kuma duk wannan nauyi yana kan bakin igiya biyu da faɗin kowanne bai wuce santimita ɗaya ba. Kyamarar da ta suɓuce daga tsayin ƙirji, kamar mita 1.2, tana isa ƙasa cikin rabin daƙiƙa, da gudun da ya kai kilomita 17 a awa. Kafin ido ya gani, hannu ya miƙa, ta riga ta daki siminti.

Kunnen kyamara iri biyu ne. Manyan kyamarorin Canon suna da faffaɗan kunne na ƙarfe wanda igiya ke shiga kai tsaye. Da yawa daga cikin na Nikon, Sony da Fujifilm kuwa ɗan ƙaramin ido gare su, wanda ake sanya wa zobe mai kusurwa uku irin na mukulli, sannan igiya ta bi ta zoben. Faffaɗan kunne ba ya buɗewa, amma idan gefensa ya yi kaifi yana cin igiya a hankali kamar zarto. Shi kuwa zobe, matsalarsa buɗewa: waya ce aka naɗe sau biyu, da zarar an taɓa ɓanɓare ta da wuƙa ko farce har ta saki baki, sai igiya ta riƙa shiga tsakanin wayoyin tana zagayawa, wata rana ta fita gaba ɗaya ba tare da komai ya tsinke ba. Masana'anta kan haɗo shi da ɗan murfin roba. Zoben da ya buɗe baki sai a canza shi. Matse shi da filaya ba ya mayar masa da ƙarfinsa. Zoben mukullin babur ko na ƙofa kuma ba madadinsa ba ne, domin wasunsu ƙarfensu mai laushi ne.

Zura igiya shi ne wurin da aka fi yin kuskure, musamman a kyamarorin hannu da ake sayowa igiyarsu a ware. A kowane ɓangare akwai abu biyu: makulli mai tsaga biyu, da ɗan zoben roba mai haɗe igiya. Bakin igiya zai bi ta kunnen kyamara, ya dawo ta cikin zoben robar, sannan ya shiga tsagogin makulli duka biyun ta ƙarƙashin igiyar da ke ciki tun farko. Wanda ya zura ta tsaga ɗaya ya tsaya, igiyarsa za ta riƙe yau da gobe, tana zamewa kaɗan-kaɗan, ranar da aka ɗora dogon lens ta zare. A bar wutsiya mai tsawon yatsu uku aƙalla bayan makulli. Akwai wata hanyar da ta fi wannan tsaro: bakin igiya ya fara shiga tsagar da ta fi nisa da kyamara, ya dawo ta ta kusa, ya kwanta tsakanin igiyoyin biyu. Ta haka nauyin kyamara da kansa ne ke ƙara danne wutsiyar, ba ta kuma leƙowa ta shiga gaban ido. Ko wace hanya aka bi, gwajin ɗaya ne: a riƙe kyamara a kan katifa, a fizgi kowane ɓangare da ƙarfi. In bakin igiya ya tsefe, a ɗan kusanta shi da wutar ashana zaren ya narke ya haɗe.

Yanayin ƙasar Katsina ba ya raga wa igiya. Zafin ranar bazara yana cin zaren nailan, launinsa ya koɗe, ya yi tauri, ƙarfinsa ya ragu ko da ido bai ga yagewa ba. Gumi yana shiga ɗinki ya bar gishiri. Da hunturu ƙura ke cika tsakanin zare tana gurzarsa daga ciki, makullan roba su bushe su riƙa tsagewa, fata kuma ta yi ƙanƙas ta dare a wurin lanƙwasa. Da damina igiyar da aka cusa a jaka da danshinta tana yin fumfuna, zobe ya yi tsatsa. A tuna kuma 5D Mark III a 2012 ta fito, don haka igiyar da ta zo da ita ta hannu tana iya haura shekara goma tana aiki a wuyan wani kafin ta iso Kurfi. Sunan kamfani da aka saƙa a jiki ba shaida ba ce, jabu sun cika kasuwa, kuma a ɗinkin da ya haɗa faffaɗan ɓangare da siririn ake gane su: zare ɗaya, layi ɗaya. Dukawa suna iya yin maratayin fata mai kyan gaske, in an nuna musu a ninka ɗinki a mahaɗa, a kuma riƙa shafa wa fatar mai da hunturu.

Masu aikin yini guda sun fi son igiyar saɓa, irin wadda kamfanin BlackRapid ya yi suna da ita, mai ratsa ƙirji ta bar kyamara a kwankwaso. Tana hutar da wuya, amma ta mayar da duk nauyi kan noti ɗaya, wanda ke shiga ramin gindin kyamara mai faɗin rubu'in inci, ramin da aka yi don ƙafa uku. Tafiya da jijjigar babur suna warware noti. Robar da ke ƙarƙashinsa ita ke hana shi juyawa. In ta lalace ko ta ɓata, notin ba abin yarda ba ne. Ana murɗa shi da safe, a sake taɓa shi duk lokacin da aka canza batir ko kati. Idan lens mai nauyi ne, a ƙafar lens ɗin ake ɗaura noti, don kada nauyinsa ya rinjayi bakin kyamara. Sai dai a nan akwai wani tarko: kyamara tana gugar kwankwaso, maɓallin cire lens ya dannu, ta juya ta faɗi, lens na nan rataye lafiya lau. Maganinsa siririyar igiya ta biyu daga kunnen kyamara zuwa jikin maratayi.

Su ma maɓallan cire igiya da sauri suna da nasu haɗarin. Na roba masu haƙora biyu, irin na jakar makaranta, suna buɗewa in an matse su a cunkoso. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba: a 2018 Peak Design ya janye wani zubi na 'yan igiyoyinsa masu kan maɓalli, bayan an ga suna saurin cinyewa a kunnen wasu kyamarori, ya musanya wa masu su da sababbi. Zarensu hawa-hawa ne masu launi daban, don in na ciki ya bayyana a san lokacin canji ya yi. Dabara ce mai kyau, amma ga wanda ke dubawa kaɗai take da amfani.

Sauran haɗarin na ɗabi'a ne. Rataya kyamara a kafaɗa ɗaya a kan shadda mai sitaci ganganci ne, domin santsi gare ta; ko dai a wuya, ko a saɓa, lens na kallon jiki. Mai babbar riga ya sa igiya a kan 'yar ciki kafin ya ɗora rigar, ko ya ajiye rigar har a tashi aiki. Mata masu ɗaukar hoton kamu da walima a cikin gida sukan sa igiya a ƙarƙashin hijabi, don kada gyaran mayafi ya tafi da ita. In an cire igiya daga wuya don ɗaukar hoto daga sama, a naɗe ta sau biyu a wuyan hannu. Wajen alwala kyamarar da ke wuya tana lilo gaba da zarar an sunkuya, ta daki dutse ko ta sha ruwan buta, don haka jaka ce wurinta. Kyamarar da aka ajiye kan tebur igiyarta na reto kuwa, a gidan suna mai cike da yara, kamar an miƙa musu ce. Haka ma hannun ƙofa, madubin babur da hannun kujerar roba, duk suna kama igiya.

Sai kuma "kawo in gani". Ango, ƙawar amarya ko ɗalibin da ya sa rigar yaye a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, kowa na son ganin fuskarsa nan take. Hana babban mutum ba ladabi ba ne, amma ana iya juya masa allon kyamara igiya na wuyan mai ita. In dole sai an miƙa, igiya ta fara shiga wuyansa kafin hannu ya saki. Ƙa'idar ɗaya ce tsakanin mai hoto da yaronsa: mai karɓa ya ce ya riƙe, sannan mai bayarwa ya saki.

Wasu wuraren suna buƙatar ƙarin shiri. A hawan sallah a Katsina, inda Maraɗin Katsina hakimin Kurfi da 'Yandakan Katsina hakimin Dutsin-Ma ke shigowa da dawakinsu tare da sauran hakimai, ƙarar bindigar gargajiya tana razana doki, jama'a su ja da baya a tare. Doguwar igiya mai reto tana iya maƙalewa a kayan doki ko a hannun wani, don haka a gajarta ta kyamara ta zauna a ƙirji. A madatsar ruwa ta Zobe, ko a kan duwatsun da ke gefen Dutsin-Ma, abin da ya faɗi sau da yawa ba ya dawowa, kuma canza lens a tsaye a bakin ruwa kasada ce. A zauna, a yi shi a kan buɗaɗɗiyar jaka. Suɓucewar kyamara ba ta barin gwani: a 1966 Michael Collins ya fita daga kumbon Gemini 10 a sararin samaniya, kyamararsa ƙirar Hasselblad ta suɓuce ta tafi. A kan babur kuwa, kyamara cikin jaka take tafiya, jakar a saɓe.

Duban da ake yi kafin fita aiki ba ya cin minti biyu. Yatsa ya bi kunne da zobe, ido ya duba inda igiya ta lanƙwasa a kunne da ɗinkin mahaɗa, a murɗa noti, a danna maɓallai, a fizga. Wanda ya ja layi da biro a kan igiya daidai bakin makulli zai gane ta fara zamewa da zarar layin ya gusa.

In duk da haka kyamara ta faɗi, a kashe ta, a cire kati a kwashe hotunan mutane tukuna. A duba ko bakin da lens ke zama ya karkace. Lens ɗin da ya ƙi juyawa ba a tilasta masa. A ɗauki hoton bango mai rubutu a buɗe, a ga ko wani gefe ya yi dishi-dishi, alamar gilashin ciki ya gusa. Wadda ta faɗa ruwa ba a kunna ta don gwaji: a zare batir, a buɗe ƙofofinta, a goge, a hanzarta kai ta wurin mai gyara. Kafin a ɗaura wa wata kyamarar wannan igiya, sai an gano mahaɗar da ta saki.