Ɗora Wa Laftof Tsohuwar Windows: Matsalar Direba da Maganinta

A Tungar Daji da sauran garuruwan Anka, Gummi da Bukkuyum, ba kowa ne ke sayen sabuwar laftof ba. Ta hannu ake saya, a Gusau ko Sakkwato, wani kuma a kawo masa daga Kano. Da yawa daga masu irin wannan laftof sukan ce a cire musu Windows 10 a sa musu Windows 7. Wani ya ce ta fi sauƙi ga kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi. Wani yana da tsohuwar firinta da ba ta aiki sai da ita. Wani kuwa da ita ya koya, hannunsa ya saba. Duk dalilai ne masu kyau. Sai dai bayan an gama ɗorawa, sau da yawa sai a tarar sauti ya ɗauke, Wi-Fi ya ɓace, rubutu ya yi manya-manya a fuskar kwamfuta. Nan take mai ita zai ce an lalata masa kaya. Ba a lalata komai ba, direba ne babu.

Direba ƙaramar manhaja ce da ke haɗa Windows da kowane sashe na jikin kwamfuta. Aikinsa irin na tafinta ne: Windows ta ba da umarni, shi kuma ya faɗa wa sashen da yaren da yake ji. Lasifika tana da nata direban, kyamara tana da nata, haka ma sashen da ke kama Wi-Fi. Windows 7 ta fito ne a shekarar 2009. Saboda haka ta zo da direbobin kayan zamaninta. Abin da aka ƙera bayanta, ba ta san shi ba sai an gabatar mata.

Babban kuskuren da ake yi shi ne a goge kwamfuta tukuna, sannan a fara neman direba. Mu kula da wannan sosai, domin a nan yawancin wahalar take. Idan direban Wi-Fi ne ya ɓace, kwamfutar ba za ta shiga intanet ba, kuma a intanet ɗin ake samo direban. A birni mutum zai leƙa shagon kusa. A ƙauye kuwa sai ya biya kuɗin mashin zuwa Anka, wataƙila har Gusau. Kuma mu a Zamfara mun san sabis ba abin dogara ba ne kullum. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar baki ɗaya, aka yi makonni babu kira babu data. Wanda ya adana direbobinsa a filashi, ko a irin wannan lokaci zai iya gyara kwamfutarsa.

Don haka kafin ka taɓa komai, juya laftof ɗin ka dubi ƙasanta. Akwai takarda mai sunan kamfani da lambar samfuri, misali HP EliteBook 8470p ko Dell Latitude E6420. Rubuta su a littafi, harafi bayan harafi, ko ka ɗauki hotonsu da waya. Ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ka sa wannan lamba, ka zaɓi Windows 7, ka sauke direbobin. Idan data ba ta da yawa, fara da na Wi-Fi. Ka lura kuma Windows 7 iri biyu ce, mai 32-bit da mai 64-bit, kuma direban ɗaya ba ya aiki a ɗayar. Direban Windows 10 ma galibi ba ya aiki a Windows 7. Kwafe hotunanka da takardunka zuwa wani wuri. Sannan ka cika batir, musamman idan da sola ko janareta kake caji, kada wuta ta yanke ana tsakiyar aiki.

Idan ka duba shafin kamfanin ba ka ga Windows 7 cikin jerin ba, tsaya nan. Mai yiwuwa alama ce cewa laftof ɗin ta wuce zamanin Windows 7.

Akwai wata hanyar gane haka. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kamfanin Intel tana da lamba, kamar i5-3320M ko i5-6200U. Idan lambobin huɗu ne, yawanci ta farko bayan ɗan layin nan ita ke nuna zubi, wato zamanin da aka ƙera ta. Mai farawa da 2, 3 ko 4 tana karɓar Windows 7 lafiya lau. Mai farawa da 6, wadda ta fito a 2015, tana karɓa amma da wahala. Daga 7 zuwa sama, kamfanin Microsoft bai yarda da haɗa su da Windows 7 ba, kuma samun direbansu na gaskiya abu ne mai wuya.

Ga yadda matsalar kan zo a shagon gyara. Yaro ya sa filashi, ya fara ɗora Windows 7, sai wani rubutu ya fito yana cewa ba a ga direban CD ko DVD ba.

"Maigida, wai tana neman direban faifai, alhali ni da filashi nake aiki."

"Wace ƙofa ka sa filashin?"

"Ta hagu, ranka ya daɗe."

"Leƙa cikinta. Wane launi ka gani?"

"Shuɗi."

"To, cire ka mayar mai baƙin ciki, ka sake farawa daga farko."

Ƙofa mai shuɗin ciki ita ce USB 3.0, kuma Windows 7 ba ta zo da direbanta ba. Mai baƙin ciki yawanci USB 2.0 ce, wadda ta sani. Wannan ɗan canji kaɗai yakan warware matsalar a laftof da yawa. Amma a masu lamba 6 ɗin can, canza ƙofa ba ya isa. Sai dai a yi amfani da faifan DVD, ko a kai wa mai gyara ya cusa direban a cikin filashin tun kafin a fara.

Wani lokaci kuma filashin ne ba zai tashi ba sam. Nan sai a shiga saitin BIOS. Da zarar ka kunna kwamfuta, danna F10 idan HP ce, F2 idan Dell ce. Nemi inda aka rubuta Secure Boot ka kashe shi, ka kunna Legacy. Kada ka canza abin da ba ka gane ba, kuma duk abin da ka canza ka rubuta yadda ka same shi. Masu son komawa har Windows XP ta 2001 sukan gamu da shuɗin allo mai lamba 0x0000007B. Maganinsa ma a BIOS yake: a canza SATA daga AHCI zuwa IDE, idan laftof ɗin tana da wannan zaɓi.

To, an gama ɗorawa, Windows ta buɗe. Yanzu danna Start ka rubuta Device Manager. Jeri zai fito na sassan kwamfutar. Duk wanda ka ga ɗan alwatika ruwan ɗorawa a jikinsa, ba shi da direba. Fara sa na Chipset, ka kashe ka kunna, sannan na hoto, na Wi-Fi, na sauti. Ɗaya bayan ɗaya ake yi. Idan ka zuba su gaba ɗaya wani ya kawo cikas, ba za ka san wanne ba ne.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne sashen da aka rubuta wa Unknown device, wato Windows ba ta ma san ko mene ne ba. Akwai dabara, kuma tana da daɗin koyo. Danna kansa da maɓallin dama, ka zaɓi Properties, sai Details, sai Hardware Ids. Za ka ga dogon rubutu mai ɗauke da VEN da DEV. Lambar da ke bin VEN ita ce ta kamfanin da ya ƙera sashen: 8086 Intel ne, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom, 168C Atheros. Ta bayan DEV kuma ita ce ta sashen kansa. Kwafe su a takarda, ka bincika da wayarka, sunan abin zai fito. Wannan yana da amfani ƙwarai ga laftof ta hannu, domin mai ita na farko ko wani mai gyara yana iya canza katin Wi-Fi, ya zama abin da ke ciki daban da abin da kamfani ya sa.

Idan kuma ka riga ka goge kwamfutar ba tare da tanadi ba, kada hankalinka ya tashi. Sauke direban Wi-Fi a wayarka, ka haɗa wayar da laftof da kebul ɗin caji mai ɗaukar bayanai, ka kwafe shi zuwa laftof ɗin. Ka guji shafukan da ke cika fuska da manyan maɓallai suna cewa za su gyara duk direbobinka kyauta. Da yawansu cuta suke shigarwa.

Akwai gaskiya ɗaya da ya kamata mai gyara ya faɗa wa mai kaya tun kafin ya karɓi kuɗinsa. Microsoft ya daina kula da Windows XP a watan Afrilu na 2014, ya daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu, 2020. Manhajar Chrome ma ta tsaya a lamba 109 a kanta. Ma'ana, duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano daga baya, ba mai toshe ta. Idan aikinka buga takardu ne, ko wasiƙu, ko ajiye lissafin shago ba tare da intanet ba, Windows 7 za ta yi maka. Idan kuwa za ka shiga asusun banki, ko ka yi wa ɗalibai rajistar JAMB da NECO, ko ka riƙe bayanan mutane, ban ba ka shawarar komawa gare ta ba. Gara ka ƙara wa laftof ɗin RAM, ko ka ce wa mai gyara ya gwada maka Linux Mint, wadda kyauta ce, ana ci gaba da sabunta ta, kuma tana zuwa da direbobin yawancin tsofaffin laftof a cikinta. Ana iya tayar da ita daga filashi a gwada sauti da Wi-Fi da firinta, ba tare da an goge komai ba.