Kafin A Aza Harsashi: Yadda Ake Zaɓa Wa Masana'anta Mazauni

Attajirin da ya gina matatar man fetur mafi girma a Afirka Bakano ne, amma bai kai ta Kano ba. Alhaji Aliko Ɗangote ya kafa ta ne a Lekki, bakin teku a jihar Legas, aka ƙaddamar da ita a watan Mayun 2023 da ƙarfin tace ganga 650,000 a rana. Wasu daga cikin injunanta ba titin da zai iya ɗaukar nauyinsu, sai da aka yi musu mashigar jirgin ruwa ta musamman. Ɗanyen mai ta ruwa yake zuwa, tataccen ma ta ruwa ake fita da mai yawa daga cikinsa. Shi wannan attajiri ya kai babban kamfanin simintinsa Obajana a jihar Kogi, na tumatir kuma ya ajiye shi a Kadawa, kudu da birnin Kano. Aljihu ɗaya ne, amma kowace sana'a ita ta nuna inda za a ajiye ta.

Wannan batu ya kamata jama'a su fahimce shi, domin sau da yawa akan ji ana gunaguni cewa wane ya yi arziki bai gina komai a garinsu ba, ko gwamnati ta kai kamfani wancan yanki ta bar wannan. Wani lokaci ƙorafin yana kan hanya. Sai dai zaɓen wuri ya bambanta da sauran shawarwarin kasuwanci. Inji in ya lalace a sake wani, manaja in ya gaza a sallame shi, amma ginin da aka aza a wurin da bai dace ba yana nan daram, kullum kuma sai ya ci kuɗin mota, kuɗin mai da asarar lokaci, har ranar da za a garƙame ƙofarsa.

Abu na farko da masu lissafi ke dubawa shi ne nauyi: kayan da ke shiga masana'anta ne suka fi nauyi, ko waɗanda ke fita? In sarrafawa tana rage nauyin kaya, to masana'anta ce ke bin kayan har inda suke. Kafin a samu tan ɗaya na ƙonannen dutsen da ake niƙawa ya zama siminti, sai an zuba kamar tan ɗaya da rabi na farar ƙasa da sauran mahaɗi a cikin tanderu, ragowar ya tafi a hayaƙi. Ba mai hankalin da zai yi dakon abin da zai bi iska. Shi ya sa kamfanin simintin Sakkwato, wanda aka kafa a 1962 ya fara aiki a 1967, yake zaune a Kalambaina kan farar ƙasa. Haka na Ashaka a ƙasar Gombe, da ya fara fitar da siminti a 1979, haka kuma na Malbaza a Jamhuriyar Nijar. Ashaka ba wani babban gari ba ne a lokacin, dutsen ne ya kira kamfanin, kamfanin kuma ya kira mutane.

Rake ya fi siminti tsanani. Kusan tan goma ake matsewa a samu tan ɗaya na sukari, kuma da zarar an sare shi zaƙinsa ya fara raguwa, dole a kai shi injin cikin kwana ɗaya ko biyu. Don haka kamfanin sukari na Savannah yana Numan a tsakiyar gonakinsa, yana shan ruwa daga madatsar Kiri a kan kogin Gongola. Auduga ma haka take: wajen kashi biyu cikin uku na nauyinta angurya ce, shi ya sa tun zamanin Turawa aka baza injunan gurza a Zariya, Funtuwa, Gusau da Malumfashi, kusa da manoma.

Akwai kuma kayan da sarrafawa ke ƙara musu nauyi, ko take sa su saurin lalacewa. Lemon kwalba galibinsa ruwa ne, ga nauyin kwalbar da za a kai a kuma dawo da ita. Saboda haka kamfanonin lemo ke kafa rassa a manyan birane, su ɗebi ruwan wurin su sayar wa mutanen wurin. Gidan burodi, masu buga bulo, masu ƙanƙara da masu ruwan leda duk suna cikin wannan sahu. Ba a taɓa jin an yi lodin bulo daga Legas zuwa Maiduguri ba.

Wani lokaci abubuwa da dama sukan haɗu a gari ɗaya, sai masana'antu su yi ta zuwa suna bin juna. Kaduna ta ga haka. A 1957 masaƙar Kaduna ta fara aiki a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Ga auduga daga lardunan Zariya, Katsina da Sakkwato, ga kogin Kaduna don wanki da rini, ga mahaɗar layin dogo, ga hedkwatar gwamnati. Cikin shekaru kaɗan wasu masaƙu suka biyo, har da UNTL da Arewa Textiles wadda Japanawa suka sa hannu a ciki. Kowace sabuwa ta tarar da makanikai da masu walda da ma'aikatan da suka riga suka san ƙarar injin saƙa, wannan kuwa riba ce da ba ta fitowa a takardar gini. Kano ma jirgin ƙasa ne ya buɗe mata wannan ƙofa tun da layin ya iso a 1911. Gyaɗa da fata suka sami hanyar teku, daga baya aka yanka filayen masana'antu a Bompai, sannan Sharaɗa da Challawa. Yawancin masaƙun Kaduna sun durƙushe daga baya. Kogin bai ƙaura ba, audugar ma ba ta ƙare rana ɗaya ba. Wutar lantarki ce ta zama sai an sa rana, baƙin mai ya yi tsada, jirgin ƙasa ya tsaya, yadin waje kuma ya cika kasuwa ta ɓarauniyar hanya. Abin da ya sa wurin ya yi kyau a 1960 ba duka ne ya rage a 2000 ba.

Inda zancen ke ɗaukar zafi shi ne wurin da gwamnati ta zaɓa. Gwamnati tana da lissafin da ɗan kasuwa ba shi da shi: raba ayyukan yi tsakanin sassan ƙasa, tsaro, da kwantar da hankalin jama'a. Wannan ba laifi ba ne, amma yana da farashi, kuma wajibi ne a san wanda zai biya. A shekarun 1970 an rarraba kamfanonin haɗa motoci: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauci, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan. Na Kaduna ya fara aiki a 1975, kuma shekaru da dama jiragen sama ne ke kwaso sassan motocin daga Liyon ta Faransa su sauke a Kano, sannan manyan motoci su ƙarasa da su Kaduna. Muddin kuɗin mai na shigowa, naira tana da ƙarfi, gwamnati kuma ita ce babbar mai saye, abin ya tafi daidai. Da waɗannan suka juya, tsadar dakon ta fito fili.

Matatar man Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, tana da hujjarta: kasuwar Arewa babba ce, kuma turo ɗanyen mai ta bututu ɗaya ya fi sauƙi bisa jigilar fetur da kananzir da gas a tankoki. Amma rayuwarta kacokan ta rataya ne kan bututun da ya taso daga yankin Warri, tafiyar kusan kilomita 600 cikin daji da fadama. Duk ranar da aka fasa shi, matatar ta ji a jikinta. Ta SORAZ da ke kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ganga 20,000 a rana, ita ma bututu ke shayar da ita daga Agadem, fiye da kilomita 400. Masana'antar da ke cin abinci ta hanya ɗaya tal, dole masu ita su sa kuɗin gadin hanyar cikin lissafi tun daga ranar farko.

Kusanci da kaya ma ba shi kaɗai ke raba gardama ba. A takarda, Kadawa ba ta da makusa: ga ruwan madatsar Tiga, ga dubban manoman rani, ga tumatir da ke ruɓewa a kwanduna duk kaka. Kamfanin tumatir na Ɗangote ya buɗe a 2016 da ƙarfin cinye tan 1,200 na ɗanyen tumatir a rana. A shekarar ce tsutsar da manoma ke kira sharon ta auka wa gonaki, aiki ya tsaya. Ko a shekarar lafiya, tumatir na 'yan watanni ne, injin kuwa yana son ci duk shekara. Sannan manomi yana da zaɓi: in kwando ya yi tsada a kasuwar Mile 12 ta Legas, can zai loda. Ba a ga laifinsa ba. Wanda ya ƙidaya gonaki bai ƙidaya masu zuwa da kuɗi a hannu suna taya kayan ba, lissafinsa bai cika ba.

Su kuwa wuraren hidima, irin su banki, asibiti, makaranta, gidan mai da shagon gyaran waya, abin da suke bi shi ne ƙafar mutane. Ba a tara aski a sito a tura wani gari, sai mai kai ya zo da kansa. Shi ya sa mai POS yake kafa lemarsa a bakin tasha ko ƙofar kasuwa, ya biya haya mai tsada da murna, maimakon ya sami rumfa kyauta a lungun da ba kowa. Abin da kan ba baƙo mamaki shi ne yadda masu sana'a ɗaya ke cunkushewa wuri guda: 'yan atamfa a Kantin Kwari, 'yan waya a Farm Centre, 'yan hatsi a Dawanau, 'yan ƙarfe a Panteka ta Kaduna. Kishiya ce a kowane gefe, amma mai saye daga Maraɗi ko Garwa ya san inda zai dosa, ya taya nan ya taya can, ba zai koma hannu rabbana ba. Wanda ya ware kansa don gudun gasa yakan wuni yana kallon titi.

Hidimar gwamnati da wani mudu ake auna ta. Ba riba ake nema a ɗakin shan magani ba, abin dubawa shi ne nisan da mai naƙuda ko mai ciwo zai yi kafin ya isa, kuma masu tsara harkar lafiya sukan ɗauki kilomita biyar a matsayin iyakar tafiyar ƙafa. Nisan ma na damina ake aunawa, lokacin da rafi ya kawo ya raba ƙauyuka biyu da ke hangen juna. Kowa ya san asibitin da aka gina a mahaifar wani mai faɗa a ji, alhali garin da kasuwa ke ci, inda hanyoyi suka haɗu, yana can ba ko mai ɗinkin rauni. Irin wannan gini ma'aikata ba sa son zama a cikinsa, marasa lafiya kuma wuce shi suke yi.

Maƙwabta ma suna da haƙƙi. Magabata sun san wannan, shi ya sa majema da marina suke da unguwanninsu. Manyan kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa sun daɗe ana kuka da dagwalon ruwan da ke fita daga cikinsu ya gangara kogi, inda wasu ke ban ruwa da kamun kifi. Tun 1992 dokar Nijeriya ta wajabta a binciki illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ikon filayen birni a hannun gwamna. Mai son buɗe gidan mai ko wurin ɗura gas ɗin girki sai ya nemi izinin hukumar tsara birane, kuma mazauna unguwa suna da damar kai kuka kafin a zuba kankare.

Hanya da makamashi suna iya sauya taswirar gaba ɗaya. Tashar tsandauri ta Kaduna, da aka buɗe a 2018, an yi ta ne don mai kaya ya gama da kwastan a Arewa ba sai ya kwana a tashar jiragen ruwa ta Apapa ba. A 2020 kuma aka fara shimfiɗa bututun gas daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, tsawon kilomita 614. Masu masana'antu a Sharaɗa da Kakuri, waɗanda kaso mai tsoka na kuɗinsu ke tafiya a man janareta, sun zuba wa wannan bututu ido, domin farashin da gas zai iso da shi ne zai nuna ko masaƙa da kamfanin taki za su iya sake zama a Arewa su yi gogayya da na bakin teku.