Amsar Tambaya: Ɗaga Ƙarfe da Abincin Gina Jiki

Malam, ka tambaya ko wajibi ne mai fara ɗaga ƙarfe ya sayi garin furotin. Haƙiƙa, idan mutum ya soma wannan atisaye, jikinsa yakan himmatu ga gyaran tsoka da ƙara mata kauri har kwana biyu bayansa, alhali rushewar furotin ita ma tana ƙaruwa, saboda haka ba a samun riba illa da isasshen abinci. Giram 1.6 na furotin ga kowane kilo na nauyinka a yini ya wadatar, kuma wake, awara, ƙwai, kifi da nono suna bayar da shi. In kana da lalurar ƙoda, nemi shawarar likita tukuna. Garin kuwa, ba farilla ba ne.