Ruwan Da Ke Jin Haske

Tun muna firamare aka koya mana cewa abubuwa iri uku ne: daskararre, da ruwa, da iska. To, 'yan'uwa, akwai wani da ya zauna a tsakani. Yana gudu kamar ruwa, amma ƙananan ƙwayoyinsa, watau molekul, duk waje ɗaya suka fuskanta. Bari mu kira shi ruwa mai jeri. Shi ne ke cikin gilashin kalkuleta da na wayoyi da yawa da ake gyarawa a kasuwar kwamfuta ta Ikeja.

Wani masanin tsirrai, Friedrich Reinitzer, shi ya fara lura da shi a birnin Firag cikin 1888. Ya dumama wani sinadari, ya narke a wajen digiri 145 ya zama ruwa gurɓatacce, bai washe ba sai a wajen digiri 178. Jerin ne ya sa shi gurɓata, watsewarsa kuwa ita ta washe shi.

Me ke kawo jerin? Siffar ƙwayar. Ku dubi kayan 'yan kasuwarmu a Agege. Rake in an zuba shi a baro, ko ba a ɗaure ba, sai ya kwanta gefe da gefe. Goro kuwa a kwando, kowane inda ya ga dama yake duba. Ƙwayar da za ta yi jeri sai ta zama doguwa kamar rake, tsakiyarta ƙaƙƙarfa, da jela mai laushi. Jelar nan ba abin rainawa ba ce. Wanda George Gray ya haɗa a Hull ta Ingila cikin 1972, mai suna 5CB, kabon biyar ne a jelarsa. Kadan aka mai da su takwas, sai ƙwayoyin su shiga yin sahu-sahu. Jerin 5CB yakan watse a digiri 35, abin da zafin bazarar Kano ya fi, don haka akan gauraya iri-iri.

A waya lantarki ne ke juya ƙwayoyin. Amma akwai wadda haske ke juyawa, sunanta azobenzin. Zobba biyu gare ta, da naitirojin biyu a tsakani kamar gwiwa. A cikin duhu miƙe take. Da hasken altirabayolet, wanda ido ba ya gani, ya taɓa ta, sai ta lanƙwashe. G. S. Hartley ya gano wannan cikin 1937. Lanƙwasassu kaɗan sun isa su ɓata jerin sauran, ruwan ya washe ba a sa masa wuta ba. Shuɗin haske yakan miƙar da ita. In an bar ta a duhu ma takan miƙe, amma sai ta yi kwanaki. In kuwa an maƙala wa zobbanta wasu sinadarai, kafin ƙiftawar ido ta koma.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne aikin Tomiki Ikeda da abokansa a Japan cikin 2003. Sun ɗaure irin waɗannan ƙwayoyi cikin siririyar roba. Da haske ya buge ta, sai fuskar sama ta tsuke, ta ƙasa ba ta tsuke ba, robar ta rusuna wajen hasken.

Sa'ad da nake gwajin koyarwa a Agege, da kwalin ashana na nuna wa yara wannan. Na girgiza tsinkayen, suka jeru. Sa'an nan na karya goma rabi-rabi ba su rabu ba, na mayar, na sake girgizawa. Kwalin ya ƙi rufuwa.