Darasin Kimiyya: Me Ke Ƙarƙashin Ƙasar da Muke Takawa?

 Darasinmu na wannan wata a kan cikin duniya ne, wato hawa-hawan da ke ƙarƙashin ƙafafunmu, da yadda aka yi aka san su.

Mai haƙar rijiya yakan yi gaba goma ko ashirin ya tarar da ruwa. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa yana Kola, a arewacin Rasha. An fara shi a 1970, a 1989 ya kai mita 12,262, wato kilomita 12 da 'yan kai. To, daga doron ƙasa zuwa tsakiyar duniya kilomita 6,371 ne, ya fi tafiyar Kano zuwa Legas sau shida. Kun ga ke nan ba a yi komai ba.

Domin ku gane, ku ɗauki duniya kamar mangwaro: akwai ɓawo, akwai tsoka, akwai ƙwallo, a cikin ƙwallon kuma akwai ƙwaya.

1. Ɓawon ƙasa. A kansa muke noma da gini, daga cikinsa ake haƙo ruwa, kuza, kwal da man fetur. Kaurinsa a ƙarƙashin teku kilomita 5 zuwa 10 ne, a tudu kuwa kamar 30 zuwa 50. Ramin Kola bai ma huda shi ba.

2. Tsokar ƙasa. Ita ce ta fi kowane hawa girma, ta kai zurfin kilomita 2,900. Dutse ne mai tsananin zafi. Ba narkakke ba ne, amma yana motsi a hankali, 'yan santimita kaɗan a shekara. Ɓawon ƙasa a tsattsage yake manyan fale-fale, kuma suna tafiya a kan wannan tsoka. Inda suka gogi juna ake samun girgizar ƙasa. Inda dutse ya narke ya sami kafa kuma, sai ya yi aman wuta, kamar yadda Dutsen Kamaru ya yi a 1999 da 2000.

3. Ƙwallon waje. Narkakken ƙarfe ne haɗe da nikel, daga kilomita 2,900 zuwa kamar 5,150. Juyawar wannan ƙarfe ita ke ba duniya maganaɗisu. Shi ne ke juya allurar kamfas ta nuna arewa, har matafiyi ya gane alƙibla.

4. Ƙwallon ciki. Shi ma ƙarfe ne, zafinsa ya haura digiri 5,000, amma bai narke ba, saboda nauyin duk abin da ke samansa ya danne shi ya daskare.

Wani zai ce, tun da ba wanda ya je, yaya aka sani? Mai sayen kankana yakan ƙwanƙwasa ta ya saurara, ya gane cikinta ba tare da ya yanka ba. Haka masana suke yi da girgizar ƙasa. In ta auku, motsinta yana ratsa cikin duniya, na'urori a ƙasashe masu nisa su auna lokacin isowarsa. Motsin iri biyu ne: ɗaya yana ratsa dutse da ruwa, ɗayan ba ya ratsa abu mai ruwa-ruwa. Da aka ga na biyun ba ya ɓullowa ta ɗaya gefen duniya, sai aka gane akwai narkakken abu a tsakiya. Ta wannan hanya Mohorovicic, mutumin Kuroshiya, ya gano iyakar ɓawo da tsoka a 1909, wata masaniya 'yar Danmak mai suna Inge Lehmann kuma ta gano ƙwallon ciki a 1936.

Zafin cikin ƙasa bai yi mana nisa ba. A kowace kilomita ta zurfi yakan ƙaru da digiri 25 zuwa 30, shi ya sa ruwan Wikki da ke Yankari a Jihar Bauchi yake fitowa da ɗumi dare da rana.

Aikin gida: ku zana da'ira a littafinku, ku raba ta hawa huɗu, ku rubuta suna da zurfin kowane. Sannan ku bayyana dalilin da ya sa ƙwallon ciki bai narke ba alhali ya fi na waje zafi. Ku nuna wa malaminku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.