Gurbin Hausa a Horar da Ma'aikatan Shari'ar Laifuka: Darasi daga Zariya

Tsakure

Wannan takarda ta waiwayi yadda aka horar da alƙalai a Zariya gab da samun 'yancin kai, domin nuna cewa gyaran tsarin shari'ar laifuka ba ya cika sai an kula da harshen da ake gurfanar da mutum a cikinsa.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kwamitin masana shari'a a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat. Shawarwarinsa ne suka haifar da kundin hukunta laifuka da na tsarin sauraron su, waɗanda suka fara aiki a 1960. Da yake a kotunan alƙalai ake yanke mafi yawan shari'o'i, sai aka fassara kundin zuwa Hausa, aka kuma riƙa tura alƙalai kwas a Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki da ke Kongo, Zariya. Wato doka da fassara da horo tare suka zo.

2.0 Matsalar Yau

Jihar Kaduna ta sabunta waɗannan dokoki biyu a 2017, kuma da Ingilishi aka rubuta su. Sashe na 36(6) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa cikin harshen da yake fahimta, a kuma ba shi tafinta kyauta. Sai dai a kotunan majistare, sau da yawa magatakarda ne ke tafinta, alhali ba a koya masa fassara ba.

A ƙaddara wani manomi daga Bomo ya ji wa mutum rauni yana kare kansa. Majistare ya tambaya da Ingilishi ko ya amsa laifi, tafinta ya ce: "Ka aikata ko ba ka aikata ba?" Manomin zai ce ya aikata, domin gaskiya ce. Tambayar doka kuwa a kan alhaki take, tunda kare kai uzuri ne karɓaɓɓe. Idan aka rubuta amsarsa a matsayin iƙirari, ana iya ɗaure shi ba tare da an ji hujjarsa ba.

3.0 Shawarwari

Na farko, Sashen Harsuna da Al'adun Afirka na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ya haɗa hannu da Tsangayar Shari'a da ke Kongo a shirya kwas na tafintocin kotu. Na biyu, a samar da daidaitaccen ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin shari'a, wanda zai bambanta sata da zamba da cin amana kamar yadda doka ta bambanta su. Na uku, a fassara dokokin 2017, a raba wa 'yan sanda masu ɗaukar bayani da gandirobobi.

4.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa kuskuren fassara kaɗai yana iya kai mai uzuri gidan yari. Saboda haka horar da tafintoci aiki ne da ya rataya a wuyan manazarta Hausa kamar yadda ya rataya a wuyan lauyoyi.